Bindiga mai baki biyu ta hannu: yadda za ka gano ciwonta kafin ka ɗauki turnabis

Bindiga mai baki biyu, irin wadda bututu ɗaya yake bisa ɗaya, da wuya ta zo hannun mafaraucin Damagaram tana sabuwa fil. Ko dai gado ce, ko an saye ta wajen wani dattijo da ƙafa ta hana shi shiga daji, ko kuma ta bi hannu uku huɗu kafin ta iso. Kana iya cin karo da Baikal ta Rasha, wadda aka fara ƙera samfurinta na IZH-27 tun 1973, ko ƴan Turkiyya irin su Huglu da Yildiz, jefi-jefi kuma Verney-Carron ta Faransa, ko Beretta ta Italiya, ko Browning. Suna daban, kuɗi daban, amma aikin cikinsu bai yi nisa da juna ba. Ƙorafin masu su ma kusan ɗaya ne: baki ɗaya ya ƙi tashi, bindiga ta ƙi buɗuwa bayan harbi, kwanso ya maƙale, jiki ya yi sako-sako, ko kuma mafi muni, ta tashi ba a taɓa kunama ba.

Gaggawar kwancewa ta lalata bindigogi a garin nan fiye da yadda tsufa ya lalata. Mutum ya ji ta yi ƙyas ba ta tashi ba, sai ya zazzage cikinta a faranti, alhali ƙila harsashin ne ya mutu. Don haka matakan nan sun fara ne daga abin da ido ke gani, suka gangara zuwa abin da sai an buɗe. A kowane mataki abu ɗaya tak za ka canza, don in matsalar ta kau ka san abin da ya kawar da ita.

Mataki na 1: fitar da harsashi, ka duba lambobi

Ka juya bakin bindigar inda babu mutum ko dabba, ka buɗe ta, ka duba ɗakunan harsashi biyun da ido, ka kuma sa yatsa. Duk wani harsashi mai rai a fitar da shi daga ɗakin da kake aiki gaba ɗaya, a kulle. Yara su fita. Wanda ya zo kallo ya zauna bayanka.

Kayan aikin ba su da yawa: tocila, tsohon buroshin haƙori, tsummoki masu tsabta, kananzir ko ruwan wankin bindiga, mai marar kauri, ɗan giris, turnabis da bakinsa ya cika tsagar kusa daidai, da harsashin gwaji guda biyu, wato irin wanda ba shi da albarushi, an sa masa sifirin ko roba a gindi don ya tare allura, ɗan siririn ƙarfen da ke sarar gindin harsashi. Kada ka riƙa jan kunama a kan ɗaki wayam, musamman a tsohuwar bindiga, domin haka na karya allura. Wasu suna amfani da kwanson da aka riga aka harba. Yana ɗan yi sau ɗaya ko biyu, amma haɗarinsa shi ne kamarsa ɗaya da mai rai.

Sai ka raba ta uku: katakon gaba, bututu, da uwar bindigar mai haɗe da ƙota. A yawancin bindigogi za ka tarar an buga lamba ɗaya, ko ƙarshenta, a kan ukun. In lambar katakon gaba ta saɓa da ta uwar, riƙe wannan a ranka, don ƙarfen da ke cikin katakon nan shi ne yake tura sandunan da ke ɗana guduma, wato ƙarfen da ke dukan allura, idan an buɗe bindiga. Na wata bindigar yana iya shiga, amma ya kasa ɗana guduma ɗaya. Lambar nan kuma ita ya kamata ta kasance a takardar izinin mallakarka. Bindigar da aka goge wa lamba ba ta gyara ba ce, ta hukuma ce. Farautar kanta a Nijar tana ƙarƙashin doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998, kuma izininta daban yake da na riƙe makami.

Mataki na 2: bututu

Ɗaga bututun sama ka leƙa ta baya. Abu na farko da kake nema shi ne toshiya. Bindigar da ta yi damina a rataye jikin bango, ba abin mamaki ba ne zanzaro ya yi gini a cikinta, kuma wannan ƴar ƙasar ta isa ta kumbura bututu ko ta fasa shi. Bayan ka goge ciki, sake leƙawa. Zobe mai duhu a ciki alamar kumburi ce, kuma yatsa zai ji tudunsa ta waje. Lotsawa kan nuna kamar inuwa a gefe ɗaya. Ƙananan ramukan tsatsa marasa zurfi ana zama da su, amma masu zurfi kusa da ɗakin harsashi ko wurin da hannun hagu ke riƙewa, sai gwani ya auna kaurin ƙarfen.

Ka rataye bututun da zare ka ƙwanƙwasa shi da farce ko ɗan itace. Lafiyayye yana ba da amo mai tsawo. In ka ji amon ya mutu nan take ko yana karkarwa, to ƙarfen doron ko na gefen da ya haɗa bututun biyu ya fara rabuwa. A bindigogi da yawa da dalma aka liƙa su, shi ya sa ba a kai bututu wajen mai walda. Zafin wutarsa zai narkar da sauran liƙin, ya kuma taɓa ƙarfin ƙarfen.

Yanzu juya shi ka karanta rubutun da ke ƙasa ko gefe, wajen gindi. Za ka ga 12/70 ko 12/76, a tsofaffin bindigogin Turai kuma har da 12/65. Lamba ta farko ta girman bakin bindiga ce, ta biyun kuma tsawon ɗakin harsashi ce a milimita. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, tsawon harsashi ana auna shi ne bayan bakinsa ya buɗe. Saboda haka harsashin 76 zai shige ɗakin 70 salin-alin, bindiga ta rufe, amma in ya tashi bakinsa ba shi da wurin buɗewa. Ƙarfin iska ya haura, kwanso ya maƙale, mahaɗar bututu da uwa ta ci duka. Ma'aunin hukumar CIP, wadda ke kula da gwajin bindigogi a ƙasashen Turai da dama, ya ƙayyade cewa ƙarfin iskar harsashin 12/70 na yau da kullum kada ya wuce bar 740. Tayar ƙaramar mota ba ta kai bar 3 ba. Haka kuma kada harsashin lamba 20, wanda ya fi siranta, ya kwana aljihu ɗaya da na 12: yana zamewa ya tsaya cikin bututu, a ɗora na 12 a bayansa, bututu ya tarwatse.

Mataki na 3: tambayi kwanso

Sau da yawa za ka ga matashi ya zo wajen dattijon da ya san bindiga ya ce, "Baba, bakin ƙasa ya mutu, sai dai a canza allura." Dattijon ba zai ma karɓi bindigar ba, sai ya miƙa hannu ya ce, "Ɗana, ina harsashin da ya ƙi tashi? Ba ni shi tukuna." Yana da gaskiya. Ɗan idon da ke tsakiyar gindin harsashi, wurin da allura ke sara, shi ne shaidar da ta ga abin da ya faru.

Amma kafin ka ciro shi, akwai ƙa'ida. In ka ja kunama ta yi ƙyas ba ta tashi ba, bar bakin yana kallon inda ka saita, ka ƙirga daƙiƙa 30, sannan ka buɗe fuskarka na gefe. Wani harsashin yakan yi jinkiri ne kawai. In kuma ya tashi da ƙara marar ƙarfi, kada ka sake harbi sai ka leƙa bututun, don robar da ke raba albarushi da ƙwaya tana iya tsayawa a hanya.

Ɗauki harsashin da ya ƙi, ka jera shi da kwanson da ya tashi lafiya daga ɗaya bakin, ka haska su da tocila.

In saran ya yi zurfi, dunƙulalle, daidai da na ɗan'uwansa, bindigarka ta yi aikinta. Harsashin ne. Wanda ya sha zafin Afrilu da Mayu a ɗakin kwano ko cikin mota, ko ya sha laimar Agusta har gindinsa ya yi tsatsa, ba abin dogaro ba ne. Haka wanda aka sake ɗurawa a gida, domin idonsa kan nutse ciki fiye da ƙima. Sayo sabon kwali na wani kamfanin ka gwada kafin ka zargi komai.

In saran ɗan tabo ne sama-sama, to ƙarfin bai isa ba. Dalilan, daga wanda ya fi yawa: datti a ramin allura, sifirin guduma da ya gaji, bakin allura da ya cinye, ko rata tsakanin bututu da fuskar uwar. Bakin ƙasa ya fi fama da wannan, saboda a yawancin waɗannan bindigogi allurarsa a karkace take tafiya, kuma shi aka fi harbawa da farko, ya fi ɗan'uwansa shan aiki. Karkacewar nan ce ta sa saran yakan ɗan kauce daga tsakiya, wannan ba aibu ba ne.

In babu tabo ko kaɗan, ko dai allurar ta karye, ko gudumar ba ta faɗi ba. Kunnenka zai raba maka: ka ji ƙyas mai ƙarfi, guduma ta faɗi, matsalar allura ce. Ba ka ji komai ba, matsalar tana baya, wajen kunama ko ɗanawa.

In ka ga layi ya ja daga ramin saran zuwa gefe, allura ba ta komawa bayan ta yi sara. In idon ya huje, bakin allurar ya yi tsini ko ya yi kaushi. Ajiye waɗannan kwansunan a leda, ka rubuta bakin da kowane ya fito.

Mataki na 4: harbi na biyu ya ƙi

Wannan ne ƙorafin da ya fi yawa, kuma nan ne aka fi ɓata kuɗi a banza.

Fara da hannunka. Shin kana buɗe bindigar har ƙarshe? Guduma tana ɗanuwa ne a ƙarshen buɗewa, kuma bindiga mai tauri takan sa mutum ya tsaya da zarar harsashi ya sami hanyar shiga. Shin kana sakin kunama gaba ɗaya bayan harbin farko? A bindiga mai kunama ɗaya, in yatsa bai sake ta ta koma gaba ba, ba za ta kama baki na biyu ba. Zabo ya tashi, zuciya ta buga, yatsa ya ƙanƙame, sai a ce bindiga ta lalace. Duba makulli ma, wato madannin da ke hana bindiga tashi. A wasu samfura yana komawa kulle da kansa duk lokacin da aka buɗe. Sannan madannin zaɓen bakin da zai fara tashi, wanda galibi yake jikin makullin, in ya tsaya tsakiya bai kai dama ba bai kai hagu ba, yana iya hana komai motsi.

Mai kunama biyu aikinta da sauƙi: ta gaba ta bakin ƙasa ce, ta baya ta bakin sama, kowace da layinta. Wanda ya ƙi, layinsa za ka bi.

Mai kunama ɗaya kuwa iri biyu ce, kuma dole ka san wacce ke hannunka. Akwai wadda jan farko da kansa yake miƙa kunama ga baki na biyu. Akwai kuma wadda sai bugun da bindiga ke yi wa kafaɗa ya girgiza wani ɗan ƙarfe mai lilo a ciki, shi ne zai sauya. Beretta 686 irin ta biyun ce. Gwajin ba wuya: sa harsasan gwaji biyu, rufe, ja kunama. Ƙyas. Saki, sake ja. In ta sake yin ƙyas, irin ta farko ce. In shiru, daki gindin ƙotar da tafin hannu da ɗan ƙarfi, ko ka buga shi a kan tabarma mai taushi baki na kallon sama nesa da fuskarka, sannan ka ja. In yanzu ta yi ƙyas, mai lilo ce kuma tana aiki. Mutane da yawa sun mayar da lafiyayyar bindiga ga mai ita da faɗa saboda sun gwada ta a ɗaki ba su san haka ba.

Mai lilo tana da halinta. In harsashin farko bai tashi ba, na biyu ma ba zai tashi ba, tunda babu bugun da zai sauya. Harsashi mai sauƙin ɗuri, ko riƙon sakwa-sakwa nesa da kafaɗa, su ma suna iya hana ta sauyawa.

Sai gwajin da ya fi kowane amfani, wanda ba ya cin ko dala. Juya madannin zaɓe, bakin sama ya zama na farko. In da can ƙasa ke tashi sama ya ƙi, yanzu kuma sama ya tashi ƙasa ya ƙi, to bakunan biyu lafiyarsu lau, matsalar tana wajen sauyawa, kuma mafi yawan lokaci datti ne ya riƙe ƙarfen lilon. In kuwa baki ɗaya ne ke ƙi ko an sa shi farko ko an sa shi ƙarshe, to allurarsa, sifirinsa, ko sandar ɗana gudumarsa za a duba. Da wannan kaɗai ka raba matsalar gida biyu.

Mataki na 5: cire ƙota ka wanke

Iyakar abin da nake ba mai bindiga shawarar ya buɗe da kansa ke nan. Kwance kusoshi biyun da ke riƙe robar gindin ƙota. Za ka ga rami mai zurfi, a ƙarshensa akwai kan doguwar kusa. Haska ka ga ko mai tsaga ce ko mai kan noti, ka nemo abin da ya dace. A nan ake fasa ƙota: dogon turnabis ya zame ya shiga tsakanin kan kusar da katako, mutum ya murɗa da ƙarfi, katako ya tsage. Naɗa wa sandar turnabis ɗin tsumma ko salatif har ta kusa cika ramin don ta tsaya a tsakiya, ka tabbata ta zauna cikin tsaga kafin ka murɗa. In kusar ta fita, ja ƙotar baya a miƙe, ba lanƙwasawa gefe.

Ɗauki hoto da wayarka ta kowane gefe kafin ka taɓa komai. Sa tabarau, don sifirin guduma yana da ƙarfi sosai, kuma kada yatsa ya shiga gaban gudumar da ke ɗane.

Abin da za ka tarar a bindigar da ta yi shekaru a nan kusan sananne ne. Mai ita na farko ya ɗura mata baƙin man mota, wani ma man gyaɗa, ƙurar hunturu ta bi ta kowace kafa ta zauna a kai, zafi ya dafa su, har suka daskare kamar ƙaro a jikin itace. Taɓa ƙarfen lilon da tsinke. Ya kamata ya tafi ya dawo da kansa ba tare da jan jiki ba. In ka tura shi ya tsaya, ko ya dawo a hankali, ka ga ɓarawonka.

Wanke da kananzir da buroshi a waje, nesa da wuta, kana karkata uwar don dattin ya zube ƙasa. Kada ka fitar da ko fil ɗaya. Tura kowace allura ta baya da tsinke ka ga ta leƙo ta fuskar uwar ta koma. Kwatanta biyun: tsawon fitowarsu ya zama kusan ɗaya, bakinsu kuma dunƙulalle mai santsi. Wadda ta gajarce, ko ta yi kaushi, ko bayanta ya baje saboda dukan guduma, ta gama aiki. Bar komai ya bushe sarai, sannan ka ɗiga mai marar kauri ɗigo ɗaya-ɗaya a wuraren da ƙarfe ke juyawa. In babu man bindiga, na keken ɗinki ya fi na mota nesa ba kusa ba. Ramin allura kuwa a bar shi kusan a bushe, don mai a nan ƙura yake kira.

Leƙa cikin bakin ƙotar kafin ka mayar. Katako yana motsi da yanayi: ya tsuke da rani, ya kumbura da damina. Wani lokaci ɗan tsagin katako ko kumburi ne ke gogar ƙarfen ciki, za ka ga wurin ya yi sheƙi. Alamarsa ita ce bindiga ta yi aiki daidai ba ƙota, a mayar da ƙota ta ƙi. In bakin katakon ya yi baƙi ya yi laushi, mai ya sha, kuma maganin gaba shi ne ajiye bindiga baki ƙasa. Ɗaure kusar ta kama sosai amma ba da ƙarfin tsiya ba, kuma ka riƙa duba ta a tsakiyar rani, don ƙotar da ke motsi ita ke tsagewa.

In allura ko sifirin ne suka mutu, a nemo na samfurin da sunansa da lambarsa, a canza na bakunan biyu lokaci ɗaya. Allurar da aka feƙe daga ƙusa ko wayar keke ko ta baje ko ta karye, wani lokaci ta maƙale a waje, wanda hakan na iya tayar da harsashi yayin rufewa.

Mataki na 6: wuyar buɗewa da maƙalewar kwanso

In tana buɗuwa da sauƙi ba harbi, amma bayan harbi sai an sa gwiwa, koma ga kwanson: layin nan da ya ja daga ramin sara yana nuna allura ce ke riƙe ta. In babu layi, ɗakin harsashi ne ya yi tsatsa ko ya tara dattin roba, a goge shi da buroshin tagulla. In kuwa ko yaushe tana da tauri, duba mahaɗar da bututu ke juyawa a kai. Goge tsohon giris, shafa sabo kaɗan, kuma a ƙasa mai rairayi irin tamu a goge a sake duk bayan fita daji.

Ƙarfen da ke ɗago kwanso, in datti ya taru a ƙarƙashinsa, yana hana bindiga rufuwa. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa. Kada ka tilasta mata, share. A bindiga mai tofar da kwanso, wanda aka harba kaɗai take cillarwa, mai rai ɗago shi kawai take yi, haka aka ƙera ta. Amma in ƙarfen yana tsallake leɓen kwanso ya shige bayansa, ya cinye ko ya yi sako-sako, sai a kai wa mai gyara.

Mataki na 7: sako-sako

Cire katakon gaba, bar bututu a rufe jikin uwar, riƙe ƙota ka girgiza hagu da dama. Bai kamata ka ji ƙwas-ƙwas ba. Ɗaga ta wajen haske ka duba inda gindin bututu ya haɗu da fuskar uwar, haske bai kamata ya ratsa ba. Sai ka kalli hannun buɗewa ta baya. A yawancin samfura, in yana ɗan karkace dama akwai sauran rai a sakatar da ke kulle bututu, in ya zo tsakiya ta fara cinyewa, in ya wuce hagu lokacin canji ya yi.

Gyaran gaskiya shi ne a sa sabuwar sakata ko ƙarfen mahaɗa mai ɗan ƙarin kauri, gwani ya zaunar da shi. Beretta ma tana yin waɗannan sassa girma-girma don wannan aikin. Gyaran ƙarya kuwa shi ne a daddaki gefen mahaɗa da guduma da ƙusa don ƙarfe ya baje ya matse. Duba da tocila: ƴan ɗige-ɗigen duka a jere kusa da mahaɗa suna gaya maka an matse ta ne don ranar ciniki, kwali ɗaya ko biyu za ta koma yadda take.

Inda hannunka zai tsaya

Sa harsasan gwaji, rufe ta da ɗan ƙarfi. Cire makulli, buga gindin ƙota a tabarma sau biyu uku. Mayar da makulli, ja kunama, saki, sannan ka cire makullin. In a ɗaya daga cikin waɗannan ka ji guduma ta faɗi da kanta, ko a daji bakunan biyu suka taɓa tashi tare da ja ɗaya, wannan bindiga ba ta ƙara ganin harsashi mai rai sai an gyara. Raba ta uku, ka ɗaura mata alama don kada wani a gida ya ɗauka.

Galibi haƙorin da ke riƙe guduma ne ya cinye, ko wani mai ita a baya ya goga masa zarto wai don kunama ta yi laushi. Wurin kamun nan siriri ne ƙwarai, kuma a bindigogi da yawa fatar ƙarfen kaɗai aka ƙarfafa. Da zarto ya cinye fatar, abin da ke ƙasa laushi ne, zai ci gaba da zaizayewa. Garin neman gira a rasa ido. Maƙeranmu gwanaye ne a aikinsu, amma wannan wurin na wanda ya koyi irin wannan bindiga ne kuma yana da izinin taɓa ta. In za ka je, tafi da ledar kwansunan da sakamakon gwajin juya baki, ka rage masa rabin aiki.

Gwajin ƙarshe

Bayan wanki ko gyara, fita bayan gari inda doka ta yarda, ka sami tudu ko gaɓar rafi a gabanka, ka tabbata babu makiyayi, gona mai mutane ko hanya a bayansa, don ƙwayar harsashi tana tafiyar ɗaruruwan mita. Toshe kunne, sa tabarau, takardunka na aljihu.

Fara da harsashi ɗaya a bakin ƙasa, ɗayan wayam. Harba, buɗe, duba sara, leƙa bututu. Yi haka da na sama. Sannan sa mai rai a bakin farko, na gwaji a na biyu. Harba, saki kunama, sake ja. In ka ji ƙyas, sauyawa na aiki kuma guduma ta biyu ba ta faɗi tare da ta farko ba. In shiru, ko dai ba ta sauya ba, ko ta riga ta faɗi lokacin harbin. A bindiga mai tofarwa za ka gane nan take: in ta cillo harsashin gwajin da ka buɗe, gudumar ta faɗi, a koma wajen mai gyara. Maimaita wannan sau da dama, ka juya madannin zaɓe ka sake ta ɗaya ɓangaren. Sai duk sun fita lafiya za ka sa masu rai biyu, kuma da irin harsashin da za ka shiga daji da shi, ba wani ba.